Ilimin gidajen tarihi

Ilimin gidajen tarihi fanni ne na nazari da ke duba yadda ake tattara kayan fasaha da na tarihi, yadda ake rajistarsu, a kare su daga lalacewa, a yi bincike a kansu, sannan a baje su ga jama'a. Yana kuma nazarin shi kansa gidan tarihi a matsayin hukuma: wa ya kafa shi, daga ina kayansa suka fito, kuma labarin wa yake bayarwa. Fannin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin fasaha, wato ilimin da ke bincikar zane-zane da sassaƙa da gine-gine da saƙa da sauran ayyukan hannu domin sanin wanda ya yi su, da lokacin da aka yi su, da abin da suke nufi a wurin mutanen da aka yi su dominsu.

Babbar matsalar da fannin yake fama da ita ita ce ayyukan gidan tarihi guda biyu suna karo da juna. Kaya sun fi daɗewa idan aka kulle su a duhu ba mai taɓa su, alhali kuwa an kafa gidan ne don a gan su. Yawancin ƙa'idojin fannin ƙoƙari ne na sasanta waɗannan buƙatu biyu.

Asali da tarihi

Sunan gidan tarihi a harsunan Turai ya samo asali daga kalmar Girkanci *mouseion*. Mafi shahara da wannan suna shi ne wanda sarakunan Masar na zuriyar Ptolemy suka kafa a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai shi matattarar malamai ne, ba wurin baje kaya ba. Gidan tarihi irin na yau ya tsiro ne daga ɗakunan da sarakuna da attajiran Turai suke tara abubuwan ban mamaki a ƙarni na 16 da na 17, inda ake cusa ƙahon dabba da tsoffin kuɗi da zane da busasshen kifi a wuri guda. A 1565 Samuel Quiccheberg ya wallafa wani ɗan littafi a Munich kan yadda ya kamata a tsara irin wannan tari, kuma ana yawan ɗaukarsa a matsayin rubutu na farko a fannin. A 1727 wani ɗan kasuwa na Hamburg, Caspar Neickel, ya fitar da littafinsa mai suna *Museographia*.

Gidan Ashmolean na Jami'ar Oxford ya buɗe a 1683. Majalisar dokokin Birtaniya ta kafa Gidan Tarihin Birtaniya a 1753 da kayan da likita Hans Sloane ya bari, kimanin 71,000, aka buɗe shi a 1759. Wani ɓangare na dukiyar da Sloane ya tara kayan da ita ya fito ne daga gonakin rake na Jamaika waɗanda bayi suke nomawa. A Faransa kuwa juyin juya hali ne ya mayar da fadar Louvre gidan tarihi, aka buɗe shi ranar 10 ga Agusta 1793 da kayan da aka ƙwace daga gidan sarauta da coci. A ƙarni na 19 mulkin mallaka ya cika gidajen tarihin Turai da kayan Afirka da Asiya, kuma wannan gado ne fannin yake ta muhawara a kansa har yau.

An kafa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, a Paris a 1946, sannan kwamitinta na nazarin fannin ya biyo baya a 1977. Daga shekarun 1970 aka fara wani sabon tunani da ke cewa jama'a ne ya kamata su zama tsakiyar aikin, ba kaya kaɗai ba. Taron Santiago na ƙasar Chile a 1972 ya yi tasiri wajen yaɗa wannan ra'ayi, haka ma littafin *The New Museology* da Peter Vergo ya tace a 1989. Ko ma'anar "gidan tarihi" sai da aka yi rigima a kanta: a taron Kyoto na 2019 wakilai sun kasa amincewa da sabuwar ma'ana, sai a Prague a watan Agustan 2022 aka zartar da wadda ta ƙara maganar shigar da al'umma cikin aiki da buɗe ƙofa ga kowa.

Dangantaka da tarihin fasaha

Ana yawan fara lissafin tarihin fasaha daga Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin rayuwar masu zane da sassaƙa na Italiya a 1550, da Johann Winckelmann, wanda littafinsa na 1764 ya karkasa fasahar Girkawa da Rumawa zamani bayan zamani. Daga baya Heinrich Wölfflin ya mai da hankali kan kwatanta salo, Erwin Panofsky kuma kan ma'anar alamomin da ke cikin hoto. Wani ɗan Italiya, Giovanni Morelli, ya lura cewa mai kwaikwayo yakan kwafi fuska da tufafi da kyau amma ya yi sake wajen kunne da farce, don haka a irin waɗannan ƙananan wurare ne ake gane hannun mai zane na asali.

Idon gwani yana kuskure. A 1937 Abraham Bredius, wanda ake gani ya fi kowa sanin zane-zanen Holan, ya tabbatar da cewa wani zane aikin Vermeer ne, gidan tarihin Boijmans na Rotterdam ya saye shi da kuɗi masu yawa. Ashe Han van Meegeren ne ya zana shi, kuma an yanke masa hukunci a 1947. Tun daga nan aka ƙara dogara da ɗakin gwaje-gwaje: hoton eksre yana nuna abin da ke ƙarƙashin fenti, nazarin sinadarai yana fallasa launin da ba a ƙirƙiro ba sai bayan mutuwar mai zanen, zoben da ke jikin katako yana nuna shekarar da aka sare bishiyar, gasasshen yumɓu kuma akwai gwajin da ke ƙiyasta lokacin da ya shiga wuta na ƙarshe.

A game da fasahar Afirka, an daɗe ana rubuta sunan ƙabila kawai a kan kaya, kamar ƙabila ce take riƙe gizago. Binciken da aka yi a ƙarni na 20 ya nuna cewa a garuruwansu an san magina da masassaƙa da sunayensu, kamar Olowe na Ise a ƙasar Yarabawa, da Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Masu kwasar kayan ne ba su tambaya ba.

Rajista

Aikin da ya fi kowane muhimmanci a gidan tarihi shi ne wanda baƙo ba ya gani. Duk abin da ya shigo ana ba shi lamba ta dindindin, a rubuta ta a jikinsa ta hanyar da ba za ta cutar da shi ba, a shigar da shi littafin rajista tare da hotonsa da awonsa da abin da aka yi shi da shi da inda aka samo shi da hannuwan da ya bi kafin ya iso. Kayan da ya rabu da bayaninsa ya yi asarar rabin darajarsa ko da bai yi ko ƙwarzane ba. Cibiyar adana kayan tarihi ta Kanada ta lissafa abubuwa goma da ke lalata kaya, kuma ta sa wannan rabuwa a jeri ɗaya da gobara da ruwa da ɓarayi.

Manyan gidaje ma ba su tsira ba. A 2023 Gidan Tarihin Birtaniya ya sanar da cewa kimanin kayayyaki 2,000 sun ɓata ko an sace su ko an lalata su, kuma da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, abin da ya sa gano su ya yi wuya. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya yi murabus. Gobarar da ta cinye Gidan Tarihin Ƙasa na Barazil a Rio de Janeiro ranar 2 ga Satumba 2018 ta lashe mafi yawan kayayyaki kimanin miliyan 20, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar.

Kiyaye kaya daga lalacewa

Masana sun raba aikin gida biyu: rigakafi, wato daidaita yanayin da kaya suke ciki, da gyara, wato sa hannu a jikin abin da ya riga ya lalace. A yau an fi ba rigakafi ƙarfi, domin ya fi araha kuma ba ya canza kayan.

Haske yana koɗar da rini, yana ruɓar da zare da takarda, kuma ɓarnarsa taruwa take yi, ba ta komawa. Shi ya sa ake taƙaita hasken da ke sauka a kan tufafi da rubuce-rubucen hannu da zanen ruwa zuwa luks 50, zanen mai kuma kimanin luks 200, ana kuma sauke irin waɗannan kaya bayan 'yan watanni a mayar da su ma'aji. Baƙon da ya ga ɗakin tufafi da duhu-duhu ya ɗauka rowar lantarki ce bai fahimci dalilin ba.

Danshin iska ya fi haske wahalar sha'ani. Katako da fata da hauren giwa da ƙwarya suna shan laima su kumbura, idan iska ta bushe su motse, kuma wannan kai da komo ne yake tsaga su ya ɓamɓare fentin da ke kansu. Idan danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari fumfuna tana tsirowa. Tagullar da ta daɗe a ƙasa takan ɗauko gishiri, wanda idan ya haɗu da laima sai ya fito da wani koren gari da ke cin ƙarfen, don haka ita busasshiyar iska take so. Gasasshen yumɓu ma gishirin da ya shiga jikinsa yakan narke ya sake daskarewa har ya farfasa fuskarsa.

Ƙa'idar da ta daɗe tana aiki, wato danshi wajen kashi 50 zuwa 55 da zafi wajen digiri 20, tana da tarihinta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɓoye zane-zanen gidan National Gallery na Landan a wani ramin haƙar dutse da ke Manod a yankin Wales, inda aka riƙe danshin iska ba ya hawa ba ya sauka, sai aka lura fenti ya daina ɓamɓarewa. Garry Thomson, masanin kimiyya na gidan, ya tattara darussan a littafinsa *The Museum Environment* na 1978, wanda ya zama abin dogaro a duniya. Sai dai waɗannan alƙaluma sun dace ne da zanen Turai a yanayin Turai. A Kano danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, ya haura kashi 70 a tsakiyar damina. Riƙe shi a kashi 50 duk shekara yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da ba ta tsayawa, kuma na'urar da ke aiki da rana ta mutu da dare ta fi rashinta illa, domin canji na farat ɗaya ne yake tsaga katako, ba canjin da ke zuwa a hankali da sauyin yanayi ba. Saboda haka a ƙasashe masu zafi an fi dogara da gini mai kaurin bango, da iska mai ratsawa, da akwatunan gilashi masu rufi sosai waɗanda ake sa wa sinadarin tsotse laima. Su ma manyan gidajen Turai da Amurka sun sassauta: tun 2015 ƙungiyar shugabanninsu ta amince da danshi tsakanin kashi 40 da 60 da zafi tsakanin digiri 16 da 25 ga yawancin kaya, saboda tsadar makamashi.

Gara da asu da ƙwarin da ke huda katako su ne manyan abokan gaba a Afirka ta Yamma. A da feshin guba ake yi, har da masu ɗauke da arsanik, kuma ragowarsu tana nan a jikin tsoffin kaya tana barazana ga ma'aikata da al'ummomin da ake mayar wa kayansu. Yanzu an fi amfani da tarko don sanin irin ƙwarin da ke ɗakin, da keɓe sabon kaya kafin ya shiga ma'aji, da naɗe abin da ya kamu a leda a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 zuwa 30 ƙasa da sifiri na wasu kwanaki, ko a rufe shi a jakar da aka cire wa iskar shaƙa.

Wajen gyara, ƙa'idar ita ce a taɓa kaɗan gwargwadon iko, a yi amfani da abin da za a iya cirewa nan gaba, a rubuta duk abin da aka yi, kuma kada a ɓoye gyaran har ya yaudari mai bincike. Cesare Brandi na Italiya ya tsara wannan tunani a littafinsa na 1963. Duk da haka ba a rasa gardama. Da aka wanke zanen Michelangelo a ɗakin ibada na Sistine tsakanin 1980 da 1994, launuka masu haske suka bayyana, wasu masana suka yaba, wasu suka ce an goge inuwar da mai zanen ya ƙara da hannunsa tare da dattin.

Baje kaya

Abin da baƙo yake gani ɗan kaɗan ne daga abin da ke ajiye. Gidan Tarihin Birtaniya yana nuna kimanin kaya 80,000 daga cikin miliyan 8. Zaɓen abin da zai fito da inda za a ajiye shi da abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa hukunci ne na mutum, kuma yana canzawa da zamani. A ƙarni na 18 da na 19 ana jera zane-zane daga ƙasa har rufi. Gidan Pitt Rivers na Oxford, wanda aka kafa a 1884, ya jera kaya iri-iri, makamai wuri guda, kayan kiɗa wuri guda, bisa ra'ayin lokacin cewa al'ummomi suna hawa tsani ne da Turai a ƙololuwarsa. A ƙarni na 20 farin bango da tazara mai yawa tsakanin kaya suka zama yayi, musamman ta hanyar Gidan Fasahar Zamani na New York.

A 1988 Susan Vogel ta shirya wani baje koli a New York don nuna ƙarfin wannan zaɓi. Ta ɗauki ragar farauta ta mutanen Zande, a naɗe kamar yadda aka kawo ta, ta ɗora a farin dandamali ƙarƙashin fitila, sai ga ta kamar sassaƙar zamani. Tambayar da ta tayar tana nan: abin rufe fuska da aka yi don rawa da kiɗa da taro, idan aka cire masa tufafinsa aka kafe shi a gilashi, me ya rage a cikinsa?

A Najeriya da Nijar

An kafa hukumar kula da kayan tarihi ta Najeriya a 1943 ƙarƙashin Kenneth Murray. Gidan tarihin Esie ya buɗe a 1945, na Jos a 1952, na Legas a 1957, sannan Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Gidan Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa, ya tashi ne a kan mutum-mutumin Nok da masu haƙar kuza suke tonowa. Ɗaya daga cikin kawunan da suka fi shahara sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Fagg. A 1963 aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO, tana koyarwa da Turanci da Faransanci ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. A harabar gidan kuma akwai sashen gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan Folan, ya tsara, inda aka sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya.

Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, misali ne na inda ginin kansa yake cikin abin da ake adanawa. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin damina da sauya azarar da gara ta ci. A nan ƙa'idar a taɓa kaɗan ba ta aiki yadda take a kan zanen mai, domin abin da ake kiyayewa shi ne sanin magina tare da bangon.

Gidan Tarihin Ƙasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya bi wata hanya daban. Ya haɗa rumfunan baje kaya da gidan namun daji da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa da ke aiki a gaban baƙi. A nan ne kuma aka ajiye kututturen Bishiyar Tenere bayan mota ta kayar da ita a 1973.

Sata da mayar da kaya

Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta haramta safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba, amma ba ta shafi abin da aka kwashe kafin ta fara aiki ba. A shekarun 1990 an yi ta haƙe wuraren Nok ana fitar da mutum-mutumin zuwa Turai, kuma a 2000 ICOM ta sa kayan Nok da na Sakkwato da Katsina da na Bura ta Nijar cikin jerin waɗanda bai kamata a saya ba. Ɓarnar haƙar ɓarayi ta wuce rasa mutum-mutumin, domin gawayi da fasassun tukwane da ke gefensa, waɗanda da su ake sanin shekarunsa, watsar da su ake yi. Haƙar da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara tare da hukumar Najeriya a 2005 ce ta nuna cewa al'adar Nok ta faro tun wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kayan tagulla da hauren giwa da sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Benin a 1897 su ne suka fi jan hankali. Najeriya ta nemi aron fuskar Sarauniya Idia don bikin FESTAC na 1977, Gidan Tarihin Birtaniya bai bayar ba. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a Nuwamban 2018 ya sake tayar da maganar. Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayayyaki 26 na masarautar Dahomey a 2021, Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da 1,000 a 2022, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. A Maris 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana Oba na Benin a matsayin mai kayan da aka dawo da su, abin da ya buɗe wata sabuwar muhawara kan ko fada ce za ta riƙe su ko gidan tarihin gwamnati.

Karatun fannin

Makarantar Louvre da aka kafa a 1882 tana cikin na farko da suka koyar da aikin. Paul Sachs ya fara kwas ɗinsa a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1920, Jami'ar Leicester ta Ingila kuma ta buɗe sashe na musamman a 1966. A Afirka, baya ga cibiyar Jos, akwai Makarantar Gadon Afirka da ke Porto-Novo, wadda aka kafa a 1998. Galibi ɗalibi yakan fara da digiri a tarihin fasaha ko ilimin tonon kayan tarihi ko nazarin al'adu, sannan ya ƙara da horo a gidan tarihi, inda yake koyon ɗaukar kaya da rubuta rajista da karanta na'urar auna danshi da rubuta bayanin da baƙo zai iya karantawa yana tsaye. Mai son zama ƙwararren gyara kuwa sai ya haɗa da ilimin sinadarai, ya kuma zaɓi abu guda da zai ƙware a kai, takarda ko tufafi ko ƙarfe ko yumɓu.